Ladabin Aika Imel Ya Wuce Gaisuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan wani abu da ke hana mutanenmu biyan buƙata ba tare da sun san dalili ba, wato yadda ake rubuta saƙon imel da yadda ake amsa shi. Zariya garin takarda ne. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 da harabarta ta Samaru da ta Kongo, ga Asibitin Koyarwa a Shika, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga cibiyoyin binciken noma da na dabbobi. Duk mai hulɗa da irin waɗannan wurare, ɗalibi ne ko malami ko ɗan kwangila ko mai neman aiki, ko ba daɗe ko ba jima sai an ce masa ya turo ta imel.

Bahaushe bai rasa gaisuwa ba, kuma ba ita muka zo koya wa kowa ba. Abin da ake mantawa shi ne halin da mai karɓar saƙon yake ciki. Saƙonni ne jibge a gabansa, datar da zai buɗe su da kuɗinsa ya saya, wataƙila ma cajin wayarsa ya kusa ƙarewa kuma babu wuta. Girmama irin wannan mutum shi ne ka ɗauke masa wahala: da ya duba ya san ko kai wane ne, ya san abin da kake so, ya san zuwa yaushe, kuma takardar da ka turo ta buɗu. Wanda ya cika layi goma da gaisuwa ya bar mai karatu yana lalube bai girmama shi ba.

Tun kafin a buɗe saƙo abu biyu ake gani, sunan mai aikowa da kan magana, wato taken saƙon da ake rubutawa a gurbin Subject. Mutane da yawa ba su suka buɗe wa kansu adireshin Gmail ba. Mai sayar da waya ne ko yaron shagon intanet ya buɗe musu don wayar ta fara aiki, ya sa sunan da ya ga dama, wani lokaci har lambar wayarsa ce ke matsayin lambar dawo da asusu idan an manta kalmar sirri. Sai ka ga takardar neman aiki ta iso da laƙabin da ake kiran mutum da shi a majalisa, ko da sunan ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, ga hoton wani mawaƙi a gefe. Jami'in da ke binciken sunan da ke kan takardun makaranta ba zai ga saƙon ba, in ma ya gani ba zai ɗauke shi da muhimmanci ba. Gyaran ba shi da wuya. A buɗe adireshi da sunan yanka da na mahaifi. Gmail tana karɓar harafi 6 zuwa 30, kuma baƙaƙen boko marasa lanƙwasa da lambobi da ɗigo kawai take yarda da su, don haka mai suna Ɗanladi danladi zai rubuta. Sunan da ke bayyana ga mai karɓa kuwa, da hoton, ana canza su a cikin saitin asusun Google. Wanda makaranta ko wurin aiki ya ba shi adireshi, irin mai ƙarewa da abu.edu.ng, da shi ya kamata ya riƙa aika saƙon aiki, domin shi kansa adireshin shaida ne. Muna kuma jan kunnen iyaye: adireshin da za a yi wa yaro rajistar JAMB ko ta NYSC da shi ya zama nasa na kansa, kalmar sirrin tana hannunsa, kuma ya riƙa shiga. Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Kan magana shi ne wurin da aka fi yin sakaci. Wani ya bar shi fayau, wani ya rubuta "Salam", wani "Gaggawa", wani kuma ya zuba dukan bayaninsa a wurin ya bar jikin saƙon ba komai. A allon waya kalmomin farko kaɗai ke fitowa, saboda haka kalma 5 zuwa 8 sun isa, kuma mai muhimmancin ta zo a gaba. "Babi na 3, neman gyara kafin 14 ga wata" ya gaya wa malami komai. "Takardar kuɗin kwangilar fenti, ofishin ajiya" za a same ta ko bayan wata shida in aka bincika. Idan sanarwar ɗaukar aiki ta ce a rubuta wata lamba ko sunan muƙamin a kan magana, a kwafe shi harafi da harafi, domin ofisoshi da dama na'ura ce ke rarraba musu saƙonni da wannan lambar, wanda bai sa ba saƙonsa ba zai faɗa inda ake dubawa ba. Akwai kuma masu lalubo tsohon saƙo su danna amsa don kawai ba su adana adireshin mutum ba. Gmail tana ɗaure saƙonni masu kan magana ɗaya wuri guda, sai sabuwar buƙatarka ta shige ƙarƙashin maganar da aka gama tun bara. Sabuwar magana, sabon saƙo.

Gaisuwa dole ce, amma layi ɗaya ko biyu. Ba ka san sa'ar da za a karanta ba, don haka "ina kwana" tana iya isa da daddare. Sallama ba ruwanta da lokaci, haka ma "barka da aiki" ko "gaisuwa mai yawa" ga wanda ba Musulmi ba. A binciki muƙamin mutum kafin a rubuta. Kiran Farfesa da Dakta, ko kiran Malama da Yallaɓai don ba a tsaya an duba ko mace ce ba, ƙaramin abu ne da ke nuna ba a damu da wanda ake roƙo ba. Sunansa ma a rubuta shi yadda shi yake rubutawa. Mai rubuta Muhammad ba ya son a mayar da shi Mohammed. Salon wasiƙarmu na da, "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri", har yanzu yana da kyau, kuma garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya manta yadda ake buɗe wasiƙa ba. Abin da bai dace ba shi ne ɗabi'ar WhatsApp, a aiko da sallama ita kaɗai a zauna jiran amsa kafin a faɗi abin da ke tafe da mutum. A imel wannan kwana biyu zai ci, in ma an amsa. In kuwa wata jami'a ce a Ingila ko Jamus ko Malesiya ake rubuta wa, tambayar iyali da gajiya ba al'adarsu ba ce a wasiƙar aiki. Jimla ta biyu ta zama buƙatar.

Ga yadda saƙon ɗalibi zuwa ga malamin da ke duba aikinsa zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni ne wane, ɗalibin aji huɗu a sashe kaza, lambar rajistata kaza. Na maƙala babi na 3 bayan na yi gyaran da Malam ya nuna a shafi na 12 zuwa 18. Ina roƙon Malam ya duba in da hali kafin ranar Alhamis 14 ga wata, domin ranar Litinin sashe zai rufe karɓa. Na gode, Allah ya ƙara lafiya."

Ba dogon turanci, ba magiya, kuma malamin da ke da ɗalibai da yawa bai buƙatar tambayar "wane ne wannan?" A lura da kwanan watan. "Gobe" da "jibi" ba su da ma'ana ga wanda ya buɗe saƙo bayan kwana uku. In buƙatun sun kai biyu ko uku, kowace ta samu nata sakin layi, in ba haka ba ta farko za a amsa a manta sauran.

Taƙaita kalmomi irin su slm, ykk, lfy da ngd a bar wa hira da abokai. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla kuwa, tun a 1995 takardar jagorar ladabin intanet mai lamba RFC 1855 ta ce kamar ihu ne, kuma ita ce ta ba da shawarar kada sa hannun ƙarshen saƙo ya wuce layi 4. Suna, muƙami ko aji, wurin aiki, lambar waya, shi ke nan. Mai rubutu da Hausa ya sa allon rubutun Hausa na Gboard ya samu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Rubutun ya fi saurin karantuwa, kuma yana nuna an kula.

Inda aka fi cutar da mai karɓa shi ne wajen maƙala takardu. Iyakar abin da Gmail ke bari a maƙala wa saƙo ɗaya megabayit 25 ne. Hoto ɗaya na wayoyin yanzu yakan kai megabayit 3 ko fiye, to wanda ya ɗauki takardunsa goma hoto ɗaya-ɗaya ya riga ya wuce iyaka. Ko bai wuce ba, fayil yana ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya saboda yadda ake juya shi kafin a aika, kuma akwatin wasu ofisoshi bai kai na Gmail ɗauka ba, sai saƙon ya dawo. In fayil ya wuce iyaka Gmail takan ɗora shi a Google Drive ta aika da mahaɗi a madadinsa. A nan ma akwai tarko: in ba a ba mai karɓa izinin buɗewa ba, abin da zai gani shi ne ya nemi izini, kuma jami'in da ke tantance ɗaruruwan masu nema ba zai tsaya roƙonka ba, gaba zai yi. Hanyar da ta fi ita ce a yi sikanin. Manhajar Google Drive a wayar Android tana da wurin ɗaukar takarda ta mayar da ita PDF, a iPhone kuma manhajar Notes tana yin haka. A shimfiɗa takardar a kan tebur inda akwai haske, ba a kan katifa ko cinya ba, a tabbata kusurwoyi huɗun sun fito kuma inuwar hannu ba ta rufe hatimi ba, a haɗa shafukan cikin fayil ɗaya bisa tsarin da aka nema. A baƙi da fari takarda mai shafi goma ba ta cika yin nauyi ba.

Sai sunan fayil. "IMG_2034" ko "Document1" ba ya gaya wa kowa komai, kuma in mutum hamsin suka turo fayil mai suna CV, wanda ya sauke su wuri ɗaya ya shiga uku. A sa suna, da abin da takardar ta ƙunsa, da kwanan wata in aiki ne da ake ta gyarawa. Takardar da aka gama, kamar CV ko rasit ko takardar neman aiki, a tura ta a PDF don tsarinta ba ya wargajewa daga na'ura zuwa na'ura. Wadda ake so a gyara kuwa, kamar babin ɗalibi, a Word za a tura, domin malami ya samu damar yin gyara a ciki. A faɗa a jikin saƙo abin da aka maƙala da yawansa. Dabara mai sauƙi da ke hana aika saƙo ba takardar: a fara maƙalawa, sannan a rubuta bayani, adireshin mai karɓa ya zama na ƙarshe. Saƙon da ba adireshi ba ya tafiya ko an danna cikin kuskure.

Gurabun adireshi uku ne, kuma kowane da aikinsa. Na farko na wanda ake so ya yi wani abu ne. Cc na wanda ake so ya sani kawai, ba a jiran amsarsa. Sunan ya samo asali ne daga takardar kabon da masu tafireta ke sawa don fitar da kwafi. Bcc kuma yana ɓoye adireshin wanda aka sa a ciki daga sauran. In aka jera mutum shida a gurbin farko ba tare da an ce wane ya yi kaza ba, kowa zai zaci ɗan'uwansa zai yi, aikin ya kwana. Sa shugaban mutum a Cc tun a saƙon farko kuwa, a ofisoshinmu kai ƙara ake ɗaukarsa, ko da ba haka aka nufa ba. A fara da mutumin shi kaɗai. In an tuna masa bai motsa ba, sannan a sa na gaba da shi, kuma a faɗa a fili cewa an sa.

Sakatarorin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na unguwa da masu gayyatar ɗaurin aure su ji wannan da kyau. Jera adireshin mutum ɗari a fili raba sirrin mutane ne ba da izininsu ba, har da na matan aure da ba su yarda kowa ya samu hanyar tuntuɓarsu ba. Waya ɗaya daga cikin ɗarin ta faɗa hannun 'yan damfara, duk sun samu. A sa adireshin kai a gurbin farko, sauran duka a Bcc. Ga ofisoshi da makarantu abin ya wuce ladabi, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗauki irin wannan bayani a matsayin abin da ake da alhakin tsarewa. Amma Bcc ba kayan gulma ba ne. Wanda ya sa wani a ɓoye don ya leƙa rigimarsa da abokin aiki ya sani cewa in na ɓoyen ya danna amsa wa kowa, asiri ya tonu.

Shi wannan maɓalli na amsa wa kowa, mai kibiya biyu, a yi hattara da shi. An sanar da rasuwa ko ƙarin girma ga ma'aikata ɗari biyu, sai kowa ya aika "Allah ya jiƙansa" ko "Allah ya sanya alheri" ga ɗari biyun. Addu'ar tana da kyau, amma ga mai abin za a aika ta. Haka tura saƙon wani ga wani: a gangara ƙasa a karanta abin da ke biye, domin duk tsohuwar hirar tana tafiya tare, kuma sau da yawa a can ƙasa ne aka faɗi abin da ba a so na ukun ya gani. A rubuta layi ɗaya a sama a ce ga dalilin turowa. Saƙonnin "tura wa mutum goma" da na tallafin da ba a san tushensa ba kada su wuce ta hannunka. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin ɗaukar labari. Babu bankin da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar da ya turo maka ta waya ta hanyar imel. Kuma wanda ya shiga asusunsa a shagon intanet ya fita kafin ya tashi, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da ke neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, don in aka sace asusun, 'yan'uwansa da abokansa ne za a bi da saƙon ƙarya ana neman kuɗi da sunansa.

Rubutu ba shi da murya ba shi da fuska. Maganar da za a faɗa da murmushi ta wuce, a rubuce sai ta zama gatse. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa har ajiye ta ake yi: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta a kotu. Wanda ransa ya ɓaci ya rubuta ya bar shi a daftari ya kwana, da safe ya sake karantawa. Gmail tana ba da daƙiƙa 5 a janye saƙo bayan an aika, ana kuma iya ƙara shi zuwa 10 ko 20 ko 30 a saitin kwamfuta. Muna ba kowa shawara ya mayar da nasa 30. Bayan nan ba janyewa. Akwai ma abubuwan da ba na imel ba ne sam. Ta'aziyyar makusanci, ban haƙuri ga babba, sasanta rigima, waɗannan ƙafa ko murya suke so.

Game da lokaci, aika saƙo da tsakar dare ba laifi ba ne a kansa, tunda da yawa sai dare suke samun intanet mai ƙarfi, amma wayar mutane tana ƙara. Kusa da maɓallin aikawa akwai zaɓin tsara lokaci, a sa shi ya tafi ƙarfe 8 na safe. A ba mutum kwanakin aiki 3 zuwa 5 kafin a tuna masa, Asabar da Lahadi da hutun Sallah ba sa cikin lissafi, kuma tunin ya zama a ƙarƙashin saƙon farko don kada ya sake nema. Aika imel sannan a bi shi da kira bayan minti biyar ana cewa "ka gani?" takura ce. Mai hulɗa da waje ya tuna Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Malesiya da awa 7, Ingila kuwa lokacinmu ɗaya da bazararsu, da hunturunsu tana bayanmu da awa 1. Wa'adin da aka ce ƙarfe 12 na dare, a duba agogon wace ƙasa ake nufi.

Nauyin ba a kan mai aikawa kaɗai yake ba, kuma a nan muna magana da manya. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce in an gaishe ku ku mayar da wadda ta fi ko irinta, kuma ba mu ga dalilin da zai fitar da sallamar da ta zo a rubuce daga wannan ba. "Na gani, zan duba zuwa Laraba" bai kai minti ɗaya ba, amma yana hana ɗalibi biyan kuɗin mota daga Kongo zuwa Samaru don kawai ya ji ko saƙonsa ya iso. In amsar a'a ce, a faɗe ta. Shiru yana sa mutum ya yi ta jira har wata damar ta wuce shi. In ba kai ne mai alhakin ba, ka nuna masa wanda zai tuntuɓa. Mai tafiya aikin Hajji ko dogon hutu ya kunna amsa ta atomatik mai ɗauke da ranar dawowa da sunan wanda ya riƙe masa aiki.

Wani shirun ma ba da gangan ba ne. Gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta Gmail da Drive da hotuna ne ke raba shi, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin. Da ya cika, saƙo ya daina shiga, mai asusun kuma yana zaune yana cewa ba a turo masa komai ba. A riƙa duba sauran wurin da ya rage, a kuma leƙa akwatin Spam, inda Gmail ke jefa saƙonnin da take zargin na banza ne, ko sau ɗaya a mako, domin abin da ya faɗa can bayan kwana 30 gogewa yake yi, kuma takardar gayyatar ganawa ta neman aiki tana iya faɗawa can.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatun da ke garin nan shi ne duk adireshin da aka buga a allon sanarwa ko a kan takardar ofis a ɗora wa wani ma'aikaci takamaimai alhakin buɗe shi kowace ranar aiki, a kuma canza kalmar sirrinsa duk sa'ad da aka yi wa mai riƙe da shi canjin wuri. Wanda ba za a iya dubawa ba a cire shi daga takardar. Malaman da ke koyar da dabarun sadarwa ga 'yan aji ɗaya kuma su ware darasi guda, kowane ɗalibi ya aiko musu da saƙo na gaske mai kan magana da fayil a maƙale, su ba shi maki a kai.

Haza wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ofis da masu koyar da kwamfuta,
Samaru, Zariya.